Inda Malami Yake Samo Ƙarfin Zuciyar Tsayawa Gaban Aji

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa ranar farko a gaban aji rana ce mai nauyi. A ɗauki misalin saurayin da ya fito daga Kwalejin Ilmi ta Zuba da takardar NCE a hannunsa, bayan ya shekara uku yana karanta dabarun koyarwa da halayyar yara, aka tura shi wata makarantar firamare a Kubwa, ko Nyanya, ko Gwagwalada. Hedimasta ya raka shi har ƙofar aji uku, ya ce masa, "To, Malam, ga 'ya'yanka nan," ya juya ya koma ofis. Aji maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu sun ɗare taga. Ya buɗe baki zai fara darasin da ya kwana yana shiryawa, sai ya ji muryarsa ba ta kai tsakiyar ɗaki ba. Ya ɗaga murya, hayaniya ta ɗaga tare da shi. Kafin a kaɗa ƙararrawa gumi ya jiƙe masa riga, a zuci kuwa ya soma tambayar kansa ko dai ya yi kuskuren sana'a.

Da aka tashi tara, sai tsohuwar malamar aji na kusa, wadda ta ji duk abin da ya gudana ta bayan bango, ta kira shi gindin darbejiya. Ta ce, "Ɗana, zo ka zauna. Ba a cin aji da ihu. Gobe in ka shiga, ka tsaya cik, ka yi shiru, ka zuba musu ido, za ka ga su da kansu sun tsawata wa juna. Ka riƙa haddace sunan yara goma kowace rana, ka fara da masu ƙiriniyar nan da ke zama a baya. Yaron da ka san sunansa ba ya ɓuya cikin taro." Ya ce, "Na gode, Mama." Kashegari ya gwada, abin ya ɗan yi. Bayan mako biyu sai ga shi yana shiga aji ba tare da faɗuwar gaba ba.

Wannan ɗan zama na minti goma ba ya cikin manhajar kowace kwaleji. Ba a ba da takardar shaida a kansa, ba a biyan kuɗin zama, ba shi kuma da fayil a Ma'aikatar Ilmi. Amma in aka bi diddigi, daga irinsa ne malamai da yawa suke samo abin da ke sa su tsaya gaban yara da ƙarfin zuciya: daga hirar ɗakin malamai, da leƙen ajin maƙwabci ta taga, da aron littafin shirin darasi, da tambayar da ake yi a cikin mota a kan hanyar gida. Ilmi ne da ake tsinta ba a makaranta ba, ko da yake a harabar makaranta ake tsintarsa.

Batun ya dace da Abuja fiye da ko'ina, don kuwa babu garin da ya kai ta tara ofisoshin da ke kula da sha'anin malamai. A nan ne hedkwatar Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya take, wadda aka kafa da doka a 1993, ta kuma soma yi wa masu neman rajista jarrabawa a 2017. A nan Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi take, wadda aka kafa a 1989, haka nan Hukumar Ilmin Bai Ɗaya. A Sheda kuma, kan hanyar Lokoja, ga majalisar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa kusa da ita. Dukansu aikin kirki suke yi, ba mai musun wannan. Sai dai ofis ba ya iya lissafa abu sai wanda ke shiga takarda: satifiket nawa, kwanakin kos nawa, maki nawa. Abin da tsohuwar malama ta faɗa a gindin darbejiya ba shi da gurbi a irin wannan lissafi, saboda haka sai a ɗauka babu shi.

Sheda ɗin nan kuwa a cikin ƙaramar hukumar Kwali take, kuma sunan Kwali kaɗai ya isa ya tuna wa mai karatu wata mace wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ladi Kwali ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, yadda matan Gwari suka saba: a zauna kusa, a kalla, a kwaɓa yumɓu, a gina, ya rushe, a sake. Tukwanenta suka yi suna har suka shiga gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda shi kansa ɗan Kwalejin Katsina ne, ya kuma yi malanta kafin sarauta. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, sai Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Daga baya ta tsaya a gaban ɗalibai da malaman kwalejoji a Ingila da Amurka tana nuna musu yadda ake gini, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa.

Abin tambaya shi ne, daga ina mace wadda ba ta taɓa zama a benci ba ta samo ƙarfin zuciyar koyar da masu digiri? Daga hannunta ne, wanda ya gina tukunya ya sake ginawa har ya daina shakka. Amma akwai rabin labarin da bai kamata a manta ba. A wurin Cardew ta koyi abin da gidansu ba su sani ba: juya yumɓu a kan faifai, da shafa wa tukunya ruwan ƙyalli, da gashi a murhu mai tsananin zafi. Ta ɗora sabon ilmi a kan tsoho, kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa daraja. Malamin makaranta ma haka yake. Kwaleji tana ba shi tushe, ita ce ke sanar da shi dalilin abu. Yadda za a yi abin a ranar Litinin da safe a gaban yara masu jin yunwa kuwa, wannan a wurin abokan aiki ake ɗaukarsa.

Hausawa ba baƙin wannan hanya ba ne. A tsangaya babu kwalejin horar da malamai, amma gardi yana biya wa ƙolo da titibiri karatu a gaban idon alaramma, in ya yi kuskure a gyara masa nan take, har ranar da za a sallame shi ya kafa tasa. Mahaddata suna zama musaffa suna sauraron juna. A tarihin boko ma, malaman makaranta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, tare da Sa'adu Zungur, sun riƙa zaman tattaunawa a Bauchi a farkon shekarun 1940, kuma sanin kowa ne irin ƙarfin halin da aka fito da shi daga wannan zama, har Malam Aminu ya kai ga kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazarin wannan ƙarfin zuciya, sun kuma rarrabe shi da girman kai ko cika baki. Abin da suke nufi shi ne amincewar mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki: malami ya yarda a ransa cewa yaron nan da ya kasa haɗa baƙi da wasali, shi zai iya kai shi ga karatu. A 1976 wasu masu bincike na cibiyar RAND suka duba wani shirin koyar da karatu a makarantun firamare na birnin Los Angeles a Amurka. Cikin tambayoyin da suka yi wa malamai akwai guda biyu: ko malami na ganin halin gidan yaro ya fi ƙarfin duk abin da makaranta za ta yi, da kuma ko yana ganin in ya dage zai iya shawo kan yaro mafi wuya. Sai suka tarar yaran malaman da suka amince da iyawarsu sun fi ci gaba a karatu. Dalilin ba boyayye ba ne. Malamin da ya yarda zai iya, in hanya ɗaya ta ƙi sai ya nemi wata. Wanda ya riga ya sare tun darasi na biyu zai ce yaron daƙiƙi ne, ya mai da shi bayan aji, ya ci gaba da 'yan gaba guda goma.

Shekara guda bayan haka, a 1977, Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana inda irin wannan amincewa take fitowa. Mafi ƙarfi, in ji shi, shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yi nasara. Mai bi masa shi ne ya ga wani kamarsa ya yi. A lura da kalmar nan "kamarsa", don a nan gizo yake saƙa. In farfesa ya zo daga jami'a ya nuna yadda ake koyar da kashi-kashi da na'urar haska bango, malamin ƙauye zai tafa, amma a ransa zai ce, ai shi farfesa ne, kuma da lantarki a ɗakinsa. In kuwa malamin aji na kusa ne, mai albashi irin nasa da yara irin nasa, ya yanka lemo gida huɗu ya koyar da rubu'i da rabi har yara suka gane, to babu sauran hanzari. Bayan waɗannan biyu sai ƙarfafawar baki daga wanda ake ganin girmansa, sa'an nan yanayin jikin mutum, watau ko gabansa na faɗuwa ko hankalinsa a kwance yake.

In aka auna kos ɗin kwana uku da ake kira a babban ɗakin taro da wannan ma'auni, za a ga mafi yawan abin da ke cikinsa magana ce, watau mataki na uku. Ana zuwa, a saurara, a karɓi jaka da biro da kuɗin mota, a koma. Ba a ce ba shi da amfani ba, musamman in sabuwar manhaja ta fito. Amma matakai biyun farko, masu ƙarfin, a cikin makaranta suke, a hannun abokan aiki, kuma kyauta ne.

An ma auna wannan da alƙaluma. A 2009 wasu masana tattalin arziki biyu, Kirabo Jackson da Elias Bruegmann, suka bi sakamakon jarrabawar yaran firamare na Jihar North Carolina a Amurka shekara da shekaru. Suka ga cewa in aka kawo gwanin malami wata makaranta, ba yaran ajinsa kaɗai ke amfana ba, har yaran sauran malaman da ke koyar da aji ɗaya da shi makinsu yana ɗagawa, kuma abin ya fi bayyana ga sababbin malamai. Japan kuwa ta daɗe da mai da abin al'ada. Malaman makaranta guda sukan zauna su shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon yadda yara suke ɗauka, sa'an nan a zauna a tattauna, a gyara, wani ya sake koyarwa. Wani abu mai kama da wannan ya iso Nijeriya a 2006 ta shirin nan na SMASE, na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara da taimakon Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi har da Abuja.

Ƙasar nan ma ta taɓa dogara da wannan hanya, ko da ba ta ambace ta da suna ba. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, shekarar da aka yi dokar kafa Abuja, an yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka yi ta ɗaukar malamai da gaggawa, wasu da ɗan gajeren horo, wasu ma babu. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa koyar da su daga nesa suna bakin aiki. Kafin takardun Kaduna su iso ƙauye kuwa, wa ya riƙe waɗannan samari? Tsofaffin malamai masu Gired Tu ne, waɗanda suka nuna musu yadda ake kiran rajista, da yadda ake raba allo, da yadda ake rubuta shirin darasi.

Ajin Abuja na yau yana da tasa wahalar da babu littafin da ya gama bayaninta. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum miliyan 1.4, tun daga nan kuwa jama'a ba su daina kwararowa ba. A aji ɗaya na makarantar gwamnati a Karu ko Dutsen Alhaji za a sami ɗan Gwari, da Bahaushe, da ɗan Gade, da Tibi, da Ibo, da Bayarabe, da yaron da rikici ya koro iyayensa daga Gwoza. Wane harshe malami zai kama in Turanci ya ƙi shiga? A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka janye wannan aka ce a koma Turanci. Duk wadda aka bi cikin biyun, malamin Karu shi ne zai tsaya gaban yaron da bai gane ba. Dabarar zaunar da sabon zuwa kusa da wanda suke jin harshe ɗaya, ko ta faɗin abu da Turanci a maimaita da Hausa ko Turancin kasuwa sa'an nan a koma, malamai ne suka gano ta da kansu, su ne kuma suke miƙa wa juna.

To, amma fa kada a ɗauka duk abin da aka tsinta a ɗakin malamai alheri ne. Hanyar da gwaninta ke bi ta yaɗu, ita mugun hali ke bi. A nan ne sabon malami yake jin cewa yaro ba ya ji sai da bulala. A nan yake koyon cika allo da rubutu ya ce a kwafa, shi kuwa ya fita hira. A wasu wurare ma a nan ake koya masa yadda ake taimakon yara da amsa ranar jarrabawa don sunan makaranta ya fita. Dan Lortie na Jami'ar Chicago ya yi lissafi a 1975 cewa kafin ɗalibi ya gama sakandare ya shafe kamar awa 13,000 yana kallon malamai suna koyarwa, don haka duk wanda ya shiga aikin malanta ya zo da tsohuwar koyarwa a kansa, in abu ya rikice masa kuwa ita zai koma wa, mai kyau ce ko maras kyau.

Har wa yau ƙarfin zuciya daban, sani daban. Akwai malamin da zai tsaya da murya garau ya gaya wa yara cewa 0.25 ya fi 0.5 yawa, wai don 25 ya fi 5, kuma babu ɗigon shakka a ransa. In shi ne babba a makarantar, haka sauran za su ɗauka. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya iya cewa babu matsala. Inda duk malaman makaranta suke da rauni a lissafi, zaman gindin bishiya ba zai haifar da lissafi ba. Tilas sai an shigo da sani daga waje, daga kwaleji, ko littafi, ko gwanin wata makaranta. Ladi Kwali ma sai da ta je Suleja.

Sai dai akwai wani abu da masu son gyara da tsoratarwa suke mantawa. Koyo daga abokin aiki yana farawa ne da kalma guda mai nauyi a baki: "Malam, ban gane wannan ba." Babba mai iyali, wanda yara ke gaisarwa a durƙushe, ba ya furta wannan sai a inda ya tabbata ba za a yi masa dariya ba, ba kuma za a kai maganar ofis ba. In makaranta ta zama wurin da kowa ke tsoron a gano rauninsa, sai kowa ya ja ƙofar ajinsa ya rufe. Darasin da bai iya ba ya tsallake shi, ya ce lokaci ne ya ƙure. Yara su wuce aji na gaba da rami a karatunsu, ba wanda ya sani sai ranar jarrabawar shiga sakandare. Hukuma tana da iko ta gwada malamanta, haƙƙin yaro ma ya wajabta haka. Amma jarrabawa iyakarta ta nuna wanda bai sani ba, sanar da shi kuwa wani aiki ne dabam, kuma ba ya yiwuwa sai da aminci.

Bayan tsoro sai rashin lokaci, wanda a Abuja ya zama ciwo mai zaman kansa. Kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfin albashin malami, saboda haka da yawa suna kwana a Mararaba ko Masaka ta Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja ta Jihar Neja. Wanda ya san cunkoson hanyar Keffi da safe da yamma ya san cewa mai bin ta ba ya tsayawa hira bayan an tashi. Wani kuma yana sauri ne ya kai ga sana'arsa ta biyu, ko darasin gida da yake yi wa 'ya'yan masu hali. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun yi yajin aiki tun daga watan Maris har zuwa Yuli a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi. An yi maganar asarar da yara suka yi, kuma gaskiya ce. Ba a yi maganar sabon malamin da aka ɗauka a shekarar ba, wanda ya rasa zango guda na zama kusa da manyansa a daidai lokacin da hali yake kafuwa.

A ƙauyukan yankin kuma, irin su Rubochi a Kuje, ko Yaba a Abaji, ko Kawu a Bwari, matsalar ta kaɗaici ce. Inda malamai 'yan kaɗan suke riƙe da azuzuwa shida, ba mai sararin leƙa ajin wani, mai koyar da lissafi kuwa ba shi da na biyu da zai tambaya. Wayar hannu ta ɗan rage wannan. Tun rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona, malamai da dama sun saba da zaurukan WhatsApp, inda ake aika hoton allo, ko tambayar da ta gagara, ko shirin darasi. Abin yabo ne, ko da yake a nan ma wanda ya fi yawan rubutu ba lalle shi ya fi sani ba, kuma hoton allo bai kai zama a bayan aji a ga yadda gwani yake juya yara ba.

Me ya rage ga hukuma? Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi kamar kos guda a otal. Hukumar ilmin bai ɗaya ta Abuja da sassan ilmi na ƙananan hukumomi suna iya ware awa guda a mako a cikin jadawali, cikin lokacin aiki ba bayan an tashi ba, malaman aji ɗaya ko darasi ɗaya su zauna su duba abin da za a koyar mako mai zuwa, kowa ya faɗi inda ya fi ba shi wuya. Makarantun ƙauye da ke kusa da juna su haɗu sau ɗaya a wata, a biya musu kuɗin babur. Masu canja wa malamai wurin aiki su riƙa dubawa kafin su sa hannu, don ɗauke gwani guda daga ƙaramar makaranta yakan rushe abin da aka yi shekara biyar ana ginawa. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ta bar tsofaffin hannu a makarantu. Ya kamata a rage wa nagari daga cikinsu yawan darasi, a ɗora musu renon sababbi, a kuma lissafa wannan a cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma.

Wajibi ne kuma a yi hattara da hannun ofis, don yana da nauyi. Ranar da aka ce kowane zama sai an cika fom, an ɗauki hoto, an aika wa mai duba makarantu sunan wanda ya yi tambaya, ran nan zaman ya mutu, saura gawarsa a fayil. Mai duba makarantu in ya zo, ya zauna a matsayin baƙo mai ƙarin sani, ya amsa abin da ya gagari 'yan gida, ya bar littafin rahotonsa a mota.

Kafin wata takarda ta fito daga sama ma, hedimasta yana da abin yi a hannunsa. Ranar da aka kawo masa sabon malami, maimakon ya raka shi ƙofar aji ya juya, ya riƙe masa ajin na darasi guda a kowace rana har mako biyu, ya tura shi da kujerarsa ya zauna a bayan ajin Mama. A mako na uku kuma Mama ta zo ta zauna a bayan nasa, in an tashi tara su koma gindin darbejiya su tattauna.